Rijiyar da Aka Kulle Ba Ita Ba Ce

Litinin, 11 ga Agusta, bayan sallar Asuba

Baban Kauthar lafiya lau, yana Bwari wurin aikin gini, sai Asabar zai dawo. Kauthar lafiya, tana shan nono, haƙori ne kawai ke damunta. Ni ma lafiya, in ban da zuciyata da ta ƙi zama wuri ɗaya. Ta farin ce ba lafiya. Tun jiya take zagayawa, sau shida na ƙirga, ta kuma ƙi tuwo. Shekarunta tara. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, to a nan ma ba zan rubuta ba.

Wannan littafin na hukuma ne. Gabansa na aikinsu, bayansa nawa. Magdalena ce ta ce in riƙa rubuta ko layi biyu kullum don kada hannu ya mance. Ita ta koya mini karatu da rubutu a rumfar ƙofar gidanta, ina da shekara talatin da ɗaya, da goyo a baya.

Yau kwana bakwai ban je rumfar ba.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko na samu sauƙi.

A watan Yuni mutanen wata hukumar gwamnati suka zo Karmo. Suka ce suna binciken ruwan da jama'a ke sha, rijiyoyi sun fi ƙarfin ma'aikatansu, suna neman masu sa kai. Magdalena ta ɗaga hannuna da kanta, ta ce, "Ga ɗalibata, ta iya." Aka ba ni lamba arba'in da bakwai, da ƙananan kwalabe masu magani a ciki, aka sa mini abin aikin a waya. Ranar Litinin ka cika kwalba da ruwan rijiyarka. Ranar Laraba ka duba. In ruwan na nan yadda yake, lafiya. In ya koma baƙi, ƙazantar bayan gida ta shiga. Sai ka ɗauki hoto ka tura, su kuma su haɗa na kowa a taswira ɗaya.

Rijiya biyu ce a layinmu. Ta Magdalena tana kan tudu, da murfi da siminti, ita kowa ke sha. Ta gidanmu, wato gidan Baba Kure da muke haya, ta wanki ce kawai. Ita aka ba ni. Sau uku na auna a watan jiya, sau uku kwalba ta yi baƙi. Ban damu ba, na ce ai ta wanki ce.

A gidanmu babu sabis. Kowa ya sani, in za ka yi waya sai ka hau tudu. To ni ma can nake kai kwalbata, in ɗora ta kan murfin rijiyar Magdalena inda haske ya fi, in ɗauki hoto, in tura.

Litinin da ta wuce mota ta zo. Madam Perpetual, wadda ta koya mana aikin, ta nuna wa Magdalena waya, ta ce, "Mama, sori. Sau uku baƙi daga daidai wannan wurin. Ga jan ɗigo a taswira." Suka ɗebi ruwa za su kai ɗakin bincike, suka ce sakamako sai sati huɗu, kafin nan kada kowa ya sha. Suka sa sarƙa suka kulle murfin.

Ina tsaye a wurin. A nan na gane ashe waya inda ka tsaya take rubutawa. Wataƙila an faɗa ranar koyarwa. Ni a lokacin kaina na duƙe, ina fama da rubuta maganar da ta riga ta wuce.

Baba Kure ma yana tsaye, kusa da ni. Tun ranar da na karɓi kwalabe ya ce mini, "Duk ranar da gwamnati ta taka gidan nan saboda ke, ranar za ki kwashe komatsanki. Daga taswira sai jan fenti, daga jan fenti sai rusau. Ni na ga yadda aka yi a wasu unguwanni, ke ba ki gani ba."

Shi ya sa ban faɗa wa Madam Perpetual gaskiya ba. Yanzu duk layin daga rijiyarmu ake sha.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Baƙi. Ta makon jiya ma baƙi. Ban tura ko ɗaya ba. Suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan Azahar

Na ƙirga daga bakin rijiya zuwa sabon ramin masan da Baba Kure ya haƙa lokacin da ya ƙara ɗakuna. Taku bakwai. Na sake ƙirgawa da manyan taku. Shida.

Ina tafasa ruwanmu tun ranar da aka kulle ta tudu. Amma ita ta farin tana wuni a ɗakunan mutane, duk inda ta ji ƙishirwa nan take sha. Na yi mata faɗa har ta yi kuka. Ita ce mara lafiya, ni ce mai faɗa.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan Magariba

Baban Kauthar ya dawo. Na bari ya ci abinci, sannan na fito da gwangwanin na faɗa masa duka.

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Na ce, "Kai kaɗai."

Ya ce, "To ya tsaya a nan. Kande, damina ce. Ina za mu kai yara biyu, ɗaya ba lafiya? Sati huɗu suka ce. Biyu sun kusa wucewa. Za su gani da kansu ruwan matar nan ba shi da komai, su buɗe, shi ke nan."

Na ce, "Kafin nan fa?"

Ya tashi ya ɗauki jarkoki biyu ya tafi famfon bakin kasuwa, mai nisan nan, a gajiyensa. Da ya dawo ya ajiye, ya ce, "Namu zan iya ɗauka. Na layi duka ba zan iya ba."

Ba mugu ba ne. Na rubuta don in tuna, ba mugu ba ne.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Mun wuni a asibitin unguwa. Da safe ta farin ta miƙe za ta fita, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Idanunta sun faɗa ciki. Na goya Kauthar a gaba, na ɗauke ta a baya, ban san na iya ba.

Ruwa leda biyu aka ƙara mata. Nas ta ce, "Wane ruwa kuke sha?"

Na ce, "Na rijiya."

Ta ce, "Ta wancan layin da aka kulle ko? Ke ce ta huɗu daga can a satin nan. Allah ya taimake ku da aka rufe ta."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ban cika kwalba yau ba.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Ta farin ta sha ruwan gishiri da sukari, ya zauna. Ta ce in ba ta fanke. Alhamdulillahi.

Na fita na tarar da layi a bakin rijiyarmu, bokiti ya kai ashirin. Na daure na ce, "Jama'a, don Allah ku riƙa tafasawa kafin ku sha."

Nana Aisha, matar Baƙo mai gyaran takalmi, tana jan guga, ɗanta Zulkifilu a goye yana wasa da ɗankwalinta. Ta ce, "A'a, Dakta Kande ta iso! A ba ta kujera."

Aka yi dariya.

Ta ce, "Dakta, ki zo da kwalbar nan ki auna mini Baƙo. Na rantse ba sai Laraba ba, nan take zai yi baƙi."

Wata ta ce, "A sa nawa ma a layi."

Na ce, "Da gaske nake, ku tafasa."

Nana Aisha ta ce, "Da wane gawayin? Wanda zan dafa abinci da shi ma sai na yi dabara. Ai mai cutar an kulle ta. Wannan kuwa ke da kanki kike aunawa, da akwai wani abu da kin faɗa mana, ko ba haka ba?"

Ta dube ni tana murmushi, tana jira.

Na ce Kauthar na kuka. Ba ta kuka. Na shige ɗaki.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan La'asar

Na hango Magdalena tana dawowa daga famfon kasuwa da jarka a ka. Mace mai rijiya a ƙofar ɗakinta. Masu zuwa cin wainarta da safe duk sun daina, wai ruwanta ne ya kwantar da yara. Na koma da baya na bi ta wani lungu.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Azahar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baƙo. Maza sun tafi kai Zulkifilu makwancinsa, sun dawo kafin a kira salla.

Na shiga na yi gaisuwa. Nana Aisha tana zaune, zanen goyon a cinyarta, tana ninkewa tana warwarewa. Ta ce, "Sannu, Kande, ya mai jiki?" Ita ce ke tambayata.

Wasu sun ce zazzaɓi ne. Wasu sun ce haƙori. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Aka miƙo mini ruwa a kofi. Na riƙe shi har na fito.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Taku bakwai.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Matar ɗan Baba Kure ta haihu da asuba, mace. Suna Asabar mai zuwa. Baba Kure sai fara'a yake, jikarsa ce ta farko. An ce za a yi kunu da zoɓo na duk layi, har 'yan uwansu daga Kuchigoro za su zo da yara. An fara aron randuna.

Zoɓo ana tafasa shi, amma da ɗanyen ruwa ake sirkawa. Kunu ma haka. Ni nake musu irin wannan aikin, na sani.

Baban Kauthar ya zo. Ya je gaisuwa gidan Baƙo. Da ya dawo bai ci abinci ba. Bai ce in yi shiru ba, bai ce in yi magana ba. Ya ɗauki jarkoki.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan Azahar

Magdalena ce ta zo. Daga coci kai tsaye, da kwalliyarta, ba ta ko je gida ba. Ta yi sallama ta shigo, ta taɓa goshin ta farin, ta ba ta lemo. Sannan ta kira ni da sunan da ta saba, Maman wance, ta ce, "Fito mu zauna."

Muka zauna a bayan ɗaki.

Ta ce, "Littafi yana tafiya?"

Na ce, "Yana tafiya, Malama."

Ta ce, "Malama kuma? Malamar da ake ɓuya mata a lungu? Na gan ki ranar Laraba. Da ƙibarki kike so lungu ya ɓoye ki?"

Na so in yi dariya, sai hawaye.

Ta ce, "Kowace Laraba kina zuwa ki tsaya a kan murfina, waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Ko sau ɗaya ban ga kin zuba ruwana a kwalba ba. Tun ranar da suka sa sarƙa na gane."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na kira su, na ce kuskure ne. Suka ce mai lambar ce kaɗai za ta gyara abin da ta tura. Suka tambaye ni ko na san ta. Na ce ban sani ba. Saboda ɗakinki. Na ce bari in ba ta kwana biyu, za ta zo da kanta." Ta gyara ɗankwali. "Kwana biyu ya zama sati uku. Ranar Alhamis na je gidan Baƙo, na kasa kallon matar. Ba ke kaɗai kika yi shiru ba, mu biyu ne."

Na ce, "Zai kore mu."

Ta ce, "Zai iya. Ina da ɗakin da nake ajiye itace, yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Mijinki Oga Manniru magini ne, ya gyara." Ta miƙe. "Ni riƙe biro na koya miki. Abin da za ki rubuta ba nawa ba ne. Amma Asabar suna."

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Na cika kwalba. A fili, mutane na kallo.

Na hau tudu na kira Madam Perpetual. Sau huɗu ba ta ɗauka ba. A na biyar ta ɗauka, ana hayaniya a bayanta. Na faɗa mata. Na maimaita sau biyu.

Ta ce, "Jesus. Madam Arba'in da Bakwai, kin tabbata?"

Na ce na tabbata.

Ta ce ita da baki ba ta da ikon buɗewa ko rufewa. Sai na ɗauki sabon hoto a tsaye a bakin ainihin rijiyar, in rubuta bayani a wurin saƙo, in sa sunan duk wanda ya yi ciwo da shekarunsa. Da wannan za ta shiga ofishin ogansu.

Na ce, "Madam, a wurin babu sabis. Abin da ya kai ni tudu ke nan."

Ta ce, "Ai ba ya buƙatar sabis. Ki ɗauka a can, wayar za ta riƙe wurin, in kin samu sabis ta tura da kanta. Na faɗa ranar tirenin." Sai ta sassauta murya. "Ko dai na yi sauri. Kullum ana ce mini ina sauri."

Na zauna a kan murfin da aka kulle. Ashe tun farko ba sai na zo nan ba.

Talata, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Kwalba ta fara duhu daga ƙasa. Sau goma na duba. Na share ɗaki, na sake sharewa. Na ninke kayan yara cikin buhu, ban san dalili ba. Na sani.

Na hau tudu na kira Baban Kauthar na gaya masa gobe ne. Ya ce, "To." Can ya ce, "Ki tambayi Magdalena kwano nawa ne ke yoyo."

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Baƙi ƙirin.

Na fito da ita da sauran biyun, na jera su uku a kan bakin rijiyarmu. Mata na layi. Baba Kure yana kan benci yana ba da umarnin inda za a kafa rumfar suna.

Na ɗaga waya. Hoton farko bai fito ba.

Ya ce, "Ke! Me kike yi?"

Na ce, "Baba, hoto nake ɗauka."

Ya taso. "Ban hana ki ba?"

Na ce, "Ka hana ni." Na ɗauki na biyu, ya fito. Sai na juya wajen mata. Ban shirya abin da zan ce ba. Na ce kwalaben da suka sa aka kulle rijiyar Magdalena daga wannan rijiyar na ɗebo su. Na ce ruwanta ba shi da laifin komai a sanina, ban taɓa auna shi ba. Na ce na sani tun ranar da mota ta zo, tsoron ɗaki ya sa na yi shiru.

Babu wadda ta yi dariya. Wata ta zubar da bokitinta a ƙasa. Wata ta ce, "Allah ya isa," ban ga ko wace ce ba. Nana Aisha ba ta wurin, ba ta fitowa tukuna. Ita sai na je da ƙafata. Wannan ne ban san yadda zan yi ba.

Baba Kure ya ce, "Maganin da ke ciki ne ke rinawa. Ko ruwan Zamzam ka zuba baƙi zai yi."

Na ce, "Baba, na zuba tafasasshe na gani, bai yi ba. Taku bakwai ne daga nan zuwa masai. Da wannan za a sirka zoɓon jikarka."

Ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta sama wajen rana. Ya daɗe. Ya ce, "Ƙarshen wata ki ba ni ɗakina." Ya juya ya shige cikin gida. Kwalbar tana hannunsa, bai mayar ba.

Bai ce a daina jan ruwa ba. Wasu sun tafi da bokiti wayam, wasu sun ci gaba da ja, don famfo da nisa kuma rijiyar tudu na kulle. Ba na ganin laifinsu.

Laraba ɗin dai, bayan Azahar, a rumfar Magdalena

Ta ba ni kujerata ta da. Ta ce ba za ta gyara mini ko harafi ɗaya ba. Na rubuta a nan tukuna, sannan na kwafe a waya. Saƙon ya tafi, na ga alamar. Ga shi:

Zuwa ga Madam Perpetual da ogansu. Ina gaisuwa.

Hoton da na turo yau shi ne na gaskiya, a bakin rijiyar gidan Baba Kure na ɗauka. Hotuna uku na watan Yuli ma ruwan wannan rijiyar ne, amma a kan rijiyar Magdalena na tsaya na ɗauka saboda sabis. Kuskurena ne. Na gane tun ranar huɗu ga wata ban faɗa ba. Wannan ba kuskure ba ne, tsoro ne.

Rijiyar da kuka kulle ba ita ba ce. Mai cutar tana buɗe, duk layi na sha.

Kun ce a sa sunan waɗanda suka yi ciwo. Waɗanda na sani:

Zulkifilu Baƙo, shekara biyu. Ya rasu ranar Alhamis. Ban san ko ruwan ne ba, ku ne masu bincike.

Muhibba Manniru, shekara tara. Ta fara samun sauƙi. 'Yata ce ta fari.

Akwai wasu uku a littafin asibitin unguwa, nas ta sani.

Ina roƙo ku zo ku duba ta tudu ku buɗe, ku rufe wannan. Ba rusau muke nema ba, mai gidan tsoho ne kuma tsoro yake ji kamar yadda na ji. Ranar Asabar akwai suna a gidan, mutane za su fi ɗari, yawanci yara. Da asuba ake fara jan ruwa.

Ni ce Kande, lamba arba'in da bakwai, Maman Muhibba. Zan riƙa zama a kan tudu inda sabis yake. Don Allah a amsa mini kafin Asabar.